Ƙiba ko Kumburi? Hawan Jinin Yara da Ingancin Ɗakin Gwaje-gwaje a Ƙasar Ajingi

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan aka ga yaro ɓulɓul da shi, kumatu a cike, abin da ake cewa shi ne "tubarkalla", sannan a yaba wa uwarsa da iya reno. Wannan ba abin mamaki ba ne a yankin da rama ta fi addabar yara, domin binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A irin wannan hali, cikar jiki alamar wadata ce a idon jama'a, kuma da wuya a ga wanda zai ɗauki yaro mai ƙiba ya kai shi asibiti don a auna masa jini.

Amma duniya ta canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1990 kashi 8 cikin ɗari na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, amma a 2022 adadin ya kai kashi 20 cikin ɗari, wato fiye da yara miliyan 390. Lemon kwalba da taliyar 'yan yara da biskit da alewa ba su tsaya a Sabon Gari da Kantin Kwari ba. Sun bi hanyar Wudil sun isa Gaya, sun shiga tirodar ƙauye a Toranke da Gafasa da Balare. Ƙaramar Hukumar Ajingi, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutane fiye da 170,000, ƙasa ce ta manoma da makiyaya a gabashin Jihar Kano, a kan iyaka da Jigawa. Mafi yawan masu neman magani a can ƙananan cibiyoyin lafiya suke fara zuwa. Idan abu ya fi ƙarfin nan a nufi babban asibitin Gaya ko na Wudil, idan kuma ya fi ƙarfin waɗannan a wuce birnin Kano, zuwa Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko na Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan nisa tsakanin inda yaro yake da inda injin gwaji yake, shi ne ya sa batun ingancin gwaji ya fi nauyi a Ajingi bisa ga yadda yake a cikin birni.

Mene ne hawan jini ga yaro?

Zuciya famfo ce. Duk lokacin da ta matse sai ta tunkuɗa jini cikin jijiyoyi, kuma ƙarfin da jinin yake dannan bangon jijiya da shi a wannan lokaci shi ne lambar sama. Idan ta saki domin ta sake cika, ƙarfin da ya rage shi ne lambar ƙasa. Wani likita ɗan Italiya mai suna Riva-Rocci ne ya fito da ɗamarar da ake ɗaurawa a dantse a hura mata iska a 1896, sannan a 1905 wani likitan soja ɗan Rasha, Korotkof, ya gano cewa idan aka saurari jijiyar gwiwar hannu yayin da ake sakin iskar, farkon ƙarar da aka ji da kuma ɓacewarta su ne lambobin nan biyu.

Ga babban mutum iyaka ɗaya ce ga kowa. Ga yaro kuwa ba haka ba ne, domin ƙarfin jini yana ƙaruwa tare da shekaru da tsayi. Saboda haka ake amfani da jadawali. A ɗauka an tara yara maza ɗari masu shekara ɗaya da tsayi ɗaya, aka jera su bisa ƙarfin jininsu daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi yawa. Wanda awonsa ya kai na yaro na 90 a layin, ana cewa jininsa ya fara tashi. Wanda ya kai na yaro na 95 ko ya wuce, kuma aka sami haka a zuwa uku daban-daban, shi ne mai hawan jini. A ƙa'idar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2017, yaro namiji ɗan shekara 10 mai matsakaicin tsayi ya shiga wannan sahu idan awonsa ya kai kimanin 116 bisa 77. Mai karatu zai lura cewa da babban mutum ne aka sami wannan awo da sai a ce masa lafiya ƙalau. Ma'aikacin da ya saba da iyakar manya, 140 bisa 90, zai iya sallamar yara masu hawan jini da yawa yana yi musu barka. Daga shekara 13 zuwa sama ne ƙa'idar ta sauƙaƙa: ƙasa da 120 bisa 80 lafiya, daga 130 bisa 80 hawan jini.

Kafin a kai ga ɗakin gwaje-gwaje ma, akwai kuskuren da ake yi a teburin awo, kuma yaro mai ƙiba ya fi kowa faɗawa cikinsa. Jakar iskar da ke cikin ɗamara dole faɗinta ya kai kashi 40 cikin ɗari na kewayen dantse, tsawonta kuma ya zagaye kashi 80 zuwa 100 na dantsen. Idan ɗamara ta yi wa hannu kaɗan, sai an hura iska fiye da kima kafin jijiya ta toshe, sai awo ya fito sama da gaskiya. Wani gwaji da aka yi wa manya a birnin Baltimo na Amurka, aka buga a 2023, ya nuna cewa masu kaurin dantse sosai da aka auna da ɗamarar gama-gari lambarsu ta sama ta ƙaru da kusan 20. Idan kuma ɗamara ta yi yawa, awo ya kan sauka ƙasa da gaskiya. Cibiyar da ke da ɗamara ɗaya tak, da ita ake auna mai juna biyu da tsoho da yaro, ba za ta iya dogara da lambar da ta samu ga yaro ba. Haka nan ana so yaron ya zauna shiru na kimanin minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannun dama a daidai ƙirji. Yaron da aka janyo yana kuka domin ya zaci allura za a yi masa, ba awonsa aka samu ba, awon tsoronsa ne.

Yadda ƙiba ke ta da jini

Ana gane ƙiba da lissafi, ba da ido ba. A raba nauyin yaro na kilo da tsayinsa na mita da aka ninka da kansa. Yaro ɗan shekara 10 mai tsayin mita 1.4 da nauyin kilo 48, lissafinsa 48 a raba da 1.96, wato 24.5. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 matsakaicin yaro namiji na wannan shekara yana wajen 16.4, wanda ya wuce 18.5 nauyinsa ya yi yawa, wanda ya wuce 21.4 kuwa ya shiga teɓa.

Kitse ba kaya ne kawai da jiki ke ɗauke da shi ba. Sashe ne mai aiki, mai fitar da sinadarai cikin jini. Waɗannan sinadarai suna zuga jijiyoyin da ke hanzarta bugun zuciya da tsuke hanyoyin jini. Jikin mai teɓa kuma ya kan daina jin sinadarin insulin yadda ya kamata, sai a riƙa fitar da shi da yawa, shi kuwa yawan insulin yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi. Wasu yaran kuma suna minshari mai tsanani har numfashinsu ya riƙa ɗaukewa cikin barci, abin da ke ta da jini dare da rana. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya haɗa binciken da aka yi wa yara fiye da 54,000 a ƙasashen Afirka, ya gano cewa kashi 5.5 cikin ɗari na yaran jininsu ya hau, amma a cikin masu teɓa adadin ya kai kusan kashi 31, wato wajen ninki shida na masu matsakaicin jiki.

Akwai wani abu da ya shafi yankuna irin su Ajingi musamman. Tun shekarun 1980 masanin Ingila David Barker ya nuna cewa jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi fuskantar hawan jini da ciwon zuciya idan ya girma. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne cewa ƙananan matatun da ke cikin ƙoda ana gama ƙera su ne tun yaro yana ciki, kuma ba a ƙara ko ɗaya bayan haihuwa. Wanda ya sha yunwa a cikin mahaifa ya kan fito da matatu kaɗan. Idan daga baya ya yi ƙiba, sai ƙaramar ƙoda ta ɗauki hidimar babban jiki. Ke nan tamowar jiya da teɓar yau suna iya haɗuwa a jikin yaro ɗaya.

Yara uku, kama ɗaya

A ɗauka an kawo yara uku wata cibiyar lafiya a rana ɗaya, dukansu 'yan shekara 10, dukansu fuska a cike, dukansu kuma awo ya nuna 130 bisa 85 da ɗamarar da ta dace. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Na farko mai teɓa ne na haƙiƙa. Shekaru ya ɗauka yana ƙara nauyi, ba ya jin ciwon komai, a wuyansa ta baya akwai wani baƙi-baƙi mai kauri da uwarsa ta gaji da cuɗawa tana zaton dauɗa ce, alhali alamar jikin da ya daina jin insulin ce. Maganinsa na farko ba ƙwaya ba ce, gyaran ci da motsa jiki ne.

Na biyu ba ƙiba ya yi ba, kumbura ya yi. Makonni huɗu da suka wuce ya yi fama da ƙazwa, ya sosa har ƙurajen suka yi ruwa, wata ƙwayar cuta mai suna sitireptokokas ta shiga. Garkuwar jikinsa, garin yaƙar ƙwayar, ta toshe matatun ƙodarsa. Wannan ya kan biyo bayan ciwon maƙogwaro da mako ɗaya zuwa uku, ko ciwon fata da mako uku zuwa shida. Fatar idonsa ta fi kumbura da safe, fitsarinsa ya ragu, ya yi kalar ruwan shayi. Idan aka danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na daƙiƙa uku sai wurin ya lotsa ya bar gurbi, abin da kitse ba ya yi. Mafi yawan irin waɗannan yara suna warkewa sarai idan an kula da su, amma a kwanakin farko jinin na iya hawa har yaro ya yi jijjiga ko huhunsa ya cika da ruwa. Idan aka ce masa ya je ya rage cin tuwo ya dawo bayan wata uku, an jefa rayuwarsa cikin haɗari. A ƙasar da ƙazwa ke yawo a tsakanin yara masu kwana a cunkushe, wannan ciwo na cikin manyan abubuwan da ke ta da jinin yara. A fadamu kuma, inda yara ke wanka da kamun kifi a kogin da ya ratso Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, akwai tsargiya, wadda ita ma ke sa jini a fitsari, kuma idan ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari ta lalata ƙoda.

Na uku kuwa magani aka ba shi. An ga ya rame, aka sayo masa ƙwayar ƙara ƙiba a kemis ko wurin mai tallar magani, irin wadda ke ɗauke da dekzametazon. Fuskarsa ta yi zagaye kamar faranti, cikinsa ya fito, amma hannuwa da ƙafafu sirara ne. Wannan jinsin magani yana ta da jini da sukari, yana hana tsayi, kuma wasu mayukan sauya launin fata ma suna ɗauke da danginsa. Shi ba a yanke masa maganin farat ɗaya, domin jikinsa ya daina yin nasa sinadarin. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.

Tambaya da duba jiki suna kai ma'aikaci rabin hanya. Sauran rabin aikin ɗakin gwaje-gwaje ne. Ƙa'idar 2017 da aka ambata ta ce duk yaron da aka tabbatar yana da hawan jini a duba masa fitsari, da gishirorin jini irin su sodiyam da fotashiyam, da yuriya da kiriyatinin masu nuna aikin ƙoda, da kitsen jini. Mai teɓa kuma a ƙara masa gwajin sukari da na hanta. Ba gwaje-gwaje ne masu wuya ba. Wuyar ita ce a sami sakamakon da za a iya gina hukunci a kansa.

Tafiyar jini daga dantse zuwa takarda

Jama'a sun ɗauka cewa idan sakamako ya fito ba daidai ba, inji ne ya yi kuskure. Wasu masana biyu, Plebani da Carraro, sun bi diddigin kurakuran ɗakin gwajin asibitin jami'ar Faduwa a Italiya a 1997, suka tarar kashi 68 cikin ɗari sun auku ne tun kafin jini ya shiga inji, kashi 13 a cikin gwajin kansa, saura kuma bayan an gama, wajen rubutawa da isarwa. Da suka maimaita binciken bayan shekara goma, kason farko bai sauka ƙasa da kashi 60 ba. Idan haka abin yake a asibitin da ɗakin jinya da ɗakin gwaji ke cikin gini ɗaya, to ina ga jinin da aka ɗiba a ƙauye aka ɗora a babur?

Jini abu ne mai rai, kuma ba ya daina aiki don an zuba shi a kwalba. Ƙwayoyinsa suna ci gaba da cin sukarin da ke cikinsa, kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa, kuma zafi yana ƙara saurin cin. Iyakar ciwon sukari ga wanda ya kwana bai ci komai ba ita ce 7.0 a ma'aunin milimol. Yaron da sukarinsa yake 7.4 lokacin da aka ɗebi jinin da ƙarfe takwas na safe, idan kwalbar ta yi awa uku a hanya da layin jira, abin da inji zai gani kimanin 6.0 zuwa 6.3 ne. Injin bai yi ƙarya ba. Abin da aka ba shi ya auna. Maganin wannan shi ne a zuba jinin a kwalba mai tokar murfi wadda ke da sinadarin fuloraid, a kuma hanzarta, ko a juya jinin a injin tacewa a ware ruwansa daga ƙwayoyinsa kafin a kama hanya. Wani zai ce to a yi gwajin nan da ke nuna matsakaicin sukarin wata uku, wanda bai damu da azumi ko tafiya ba. Sai dai wannan gwaji ya dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, saboda haka ba ya aiki ga mai amosanin jini, yana rikicewa ga mai ƙarancin jini ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, kuma wasu hanyoyin yin sa suna kuskure har ga masu rukunin AS, waɗanda suka kai kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya.

Fotashiyam ya fi sukari saurin yaudara. Abin da ke cikin jajayen ƙwayoyi ya ninka na ruwan jini fiye da sau ashirin. Jijiyar yaro mai ƙiba tana da wuyar samu. Sai a daɗe da ɗaure dantse, a ce ya riƙa dunƙule hannu, a ja jinin da ƙarfi ta siririyar allura, a feso shi cikin kwalba, a girgiza. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya ɗaga fotashiyam, mafi yawa ta hanyar fasa ƙwayoyin. Abin mamaki, sanya jinin da ba a tace ba a cikin firji, wanda ma'aikaci zai yi da kyakkyawar niyya, shi ma yana sa fotashiyam ya tsiyayo daga ƙwayoyin. Haka kuma idan aka tsiyaya jini daga kwalba mai shunin murfi zuwa wata don a rage wa yaro sukar allura, an gurɓata shi, domin abin hana daskarewa da ke cikin waccan kwalba shi kansa gishirin fotashiyam ne. Haɗarin ta fuska biyu yake. Ƙarancin fotashiyam ga mai hawan jini alama ce da ke nuna wa likita ciwon wata ƙaramar halitta da ke saman ƙoda. Fashewar ƙwayoyi za ta rufe wannan alama. Ga yaro na biyu kuwa, mai kumburin ƙoda, hawan fotashiyam na gaskiya yana iya tsayar da zuciya, kuma ɗakin gwajin da ya saba fitar da lambobin bogi zai sa likita ya yi watsi da na gaskiya ranar da ya zo.

Fitsari shi ne gwaji mafi araha, kuma shi ne ya fi raba yaran nan uku. Tsinken takarda mai launuka da ake tsomawa yana nuna furotin da jini da sukari cikin minti biyu. Amma masu yin sa sun rubuta a jikin gwangwanin cewa a ajiye shi a ƙasa da digiri 30, a rufe shi ruf da zarar an zari ɗaya. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano yana haura digiri 40, a watan Agusta kuma laima ce ke cika ɗaki. Gwangwanin da ya kwana a buɗe a kan taga ya tashi daga aiki ko da kwanan watansa bai ƙare ba. Shi ma fitsarin ana so a duba shi cikin awa biyu, domin idan ya daɗe jajayen ƙwayoyi da 'yan curin da ke fitowa daga matatun ƙoda, waɗanda ganinsu a madubin likita ke tabbatar da kumburin ƙoda, suna narkewa. Fitsarin farko na safe ya fi dacewa da neman furotin, saboda wasu yara masu lafiya suna zubar da ɗan furotin idan sun yini a tsaye. Ƙwan tsargiya kuwa an fi samunsa a fitsarin tsakar rana, daga hantsi zuwa azahar.

Tiyar ɗakin gwaji

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar ƙauye ya san cewa tiya ba ɗaya ba ce. Akwai wadda aka bubbuge gindinta, akwai wadda bakinta ya buɗe, kuma mai awon na iya zama mutumin kirki bai san kwanonsa ya lotsa ba. Injin gwaji ma haka yake: fitilarsa tana dushewa, sinadaransa suna lalacewa idan wuta ta ɗauke firji ya fita daga digiri 2 zuwa 8, bututun ɗiban ruwa yana sakin awo. Ba ya kuka, lamba dai zai ci gaba da fitarwa.

Kiriyatinin ya fi kowane gwaji nuna illar wannan ga yara. Hanyar da aka fi amfani da ita ta samo asali ne daga aikin Bajamushe Max Jaffe na 1886, kuma tana da rauni a ƙananan lambobi, inda awon yara yake. Likitocin yara suna ƙiyasta aikin ƙoda da lissafin Schwartz na 2009: a ninka tsayin yaro na santimita da 0.413, a raba da kiriyatinin a ma'aunin miligiram. Yaro mai tsayin santimita 140 da kiriyatinin 0.6, aikin ƙodarsa 96, lafiya ke nan. Idan inji ya kauce da 0.3 kacal ya ba da 0.9, lissafin ya koma 64, an mai da mai lafiya mai ciwon ƙoda, iyayensa su sayar da akuya su nufi Kano. Idan kaucewar ta ƙasa ce, mai ciwon ne za a sallama. Ƙari a kan haka, idan takardar sakamako tana ɗauke da iyakar manya, wadda ke kaiwa 1.2 ko fiye, to yaron da rabin aikin ƙodarsa ya tafi zai fito a cikin "daidai".

Hanyar kama wannan kaucewa tsohuwa ce, kuma ba ta bukatar komai sai takarda da alƙalami da horo. Ana sayen wani ruwan jini na musamman da aka riga aka san abin da ke cikinsa, a gwada shi kowace safiya kafin a taɓa jinin majiyyaci, a ɗiga sakamakon a kan zane mai layin tsakiya da layuka uku sama, uku ƙasa. Levey da Jennings ne suka shigo da wannan zane asibiti a 1950, sannan James Westgard ya tsara ƙa'idojin karanta shi a 1981. Idan ɗigo ɗaya ya tsallake layi na uku, a dakatar da aiki. Idan biyu a jere suka tsallake layi na biyu ta gefe ɗaya, a dakatar. Idan goma a jere suka kwanta a gefe ɗaya na layin tsakiya, ko da ba su yi nisa ba, tiyar ta fara lotsawa. Wannan ruwan shaida yana da tsada, kuma shi ne abu na farko da ake yankewa idan kuɗi suka yi kaɗan, saboda rashinsa ba ya hana sakamako fitowa. A nan ne tsimi ya fi kowane irin ɓarna tsada.

Shaida ta biyu daga waje take zuwa. Hukumar kula da aikin gwaje-gwajen asibiti ta Nijeriya, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ce ke rajistar ma'aikata da ɗakunan gwaji, kuma tana da cibiya a Saye kusa da Zariya da ke aika samfura a rufe zuwa ɗakunan gwaji, su gwada su mayar da amsa, a gwama da ta sauran. A 2008 aka yi sanarwar Maputo kan ƙarfafa ɗakunan gwaji, a 2009 kuma a Kigali ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙaddamar da tsarin hawa mataki-mataki, daga babu tauraro zuwa tauraro biyar, domin ƙaramin ɗakin gwaji ya kama hanyar cika ƙa'idar duniya mai lamba ISO 15189. Nisan tafiyar ya fito a wani bincike na 2014, wanda ya sami ɗakunan gwaji 380 kacal masu shaidar ƙa'idar duniya a Afirka kudu da Sahara, kashi 91 cikin ɗari a Afirka ta Kudu, yayin da ƙasashe 37 cikin 49 ba su da ko ɗaya a lokacin. Gaskiya ne cewa yawancin kuɗin da ya shigo wannan fanni ya bi cututtuka irin su ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ne; gwajin kiriyatinin da fotashiyam, waɗanda mai hawan jini ke bukata, ba su sami gata irin wannan ba.

Bayan sakamako ya fito

Takardar sakamako mai inganci tana ɗauke da cikakken sunan yaro da shekarunsa da lambar katinsa, domin a garin da Musa Ibrahim zai iya kai biyar a layi ɗaya suna kaɗai bai isa ba. Tana nuna lokacin da aka ɗebi jini da lokacin da aka gwada shi, da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Sukari 126 a ma'aunin miligiram shi ne 7.0 a ma'aunin milimol, kiriyatinin 1.0 a wancan shi ne 88 a ma'aunin maikuromol. Yaron da aka fara gwadawa a Gaya aka maimaita a Kano yana iya dawowa da takardu biyu masu ma'auni daban. Idan ruwan jinin ya yi ja saboda fashewar ƙwayoyi, a rubuta haka, a nemi sabo. Sakamakon da bai dace da halin yaro ba, a maimaita shi kafin a yanke hukunci.

Yaro na biyu, wanda fitsarinsa ya nuna jini da furotin, asibiti za a kwantar da shi a ranar, a rage masa gishiri da ruwa, a ba shi maganin fitar da ruwa, a riƙa bin jininsa da kiriyatinin. Na uku a karɓi kwalin maganin da yake sha a nuna wa likita. Na farko kuwa, idan fitsari da ƙoda sun fito lafiya kuma awonsa bai kai mataki mai tsanani ba, ana ba shi kimanin wata shida na gyaran rayuwa: ruwa a madadin lemon kwalba, awa ɗaya ta wasan guje-guje kowace rana, ganye irin su zogale da rama da 'ya'yan itatuwa a cikin cimarsa, da rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokali, yaro kuma ƙasa da haka. Dunƙulen miya kuwa kusan rabinsa gishiri ne, kuma ɗan ƙunshin ɗanɗanon da ke cikin taliyar 'yan yara ma haka. Tukunyar gida ɗaya ce, don haka gyaran na gida ne gaba ɗaya. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya bi mutane fiye da 6,000 a Amurka da Ostireliya da Finlan tun suna yara, ya nuna cewa waɗanda suka yi ƙiba a ƙuruciya amma suka rabu da ita kafin su girma, haɗarinsu na hawan jini da ciwon sukari ya koma daidai da na waɗanda ba su taɓa yin ƙiba ba.

Idan wata shidan ya cika jinin bai sauka ba, ko zuciya ta fara kauri, sai a fara ƙwaya. Wasu daga cikin magungunan da aka fi ba yara, irin su lisinofiril da enalafiril, suna iya ɗaga fotashiyam da kiriyatinin, kuma suna yi wa ɗan tayi illa, abin da ya wajaba a yi la'akari da shi ga budurwar da ake shirin aurarwa. Wanda aka ɗora a kansu ana sake ɗibar jininsa bayan mako ɗaya zuwa biyu, a gwama sabuwar lamba da ta farko, kuma an fi so a yi gwajin biyu a ɗakin gwaji ɗaya.